Shan iska a bakin ƙofa: yadda Bakano zai ci moriyar shekararsa, daga Dala zuwa bakin ruwa

Sai da na haura shekara talatin a Kano kafin ƙafata ta taka saman Dala, kuma abin kunyar, baƙo ne ya hau da ni. Wani aminin mahaifina ya zo daga Damagaram sarin kaya a Kantin Kwari. Da ya gama harkarsa ya ce, "Ɗana, gobe ka kai ni in ga dutsen nan naku." Na ce, "To, Baba." Na kwana ina tambayar abokai ta wane lungu ake shiga. Muna kaiwa sama dattijon nan ya zauna yana haki yana dariya, ya ce wato shi da ya ƙetaro iyaka zai nuna mini garina.

Tun daga ranar na lura da wani hali namu. In aka ce hutu ko yawon buɗe ido, hankalinmu sai ya tafi Abuja, ko Yankari, ko Dubai ga mai hali. Tunda aljihu bai kai can ba, sai a zauna a gida ana latsa waya har shekara ta juyo. Alhali kowane wata yana zuwa da nasa abin marmari, kuma yawancinsa ba ya wuce tafiyar ƙafa ko kuɗin adaidaita. Ga yadda nake tsara tawa shekarar. Wanda ke Katsina, Zariya ko Maraɗi, sai ya cire sunayen wuraren ya sa nasa.

Mataki na farko: ka yanki lokaci ka kafa masa doka

Wanda ya ce "in na samu sarari zan fita" ba zai fita ba. Ɗaurin aure, suna, ta'aziyya da taron unguwa za su cinye kowace Asabar. Ka zaɓi rana ɗaya a mako, ko sau biyu a wata, ka sanar da mutanen gida cewa safiyar nan ta fita ce.

A ƙasarmu lokaci biyu ne kawai na yawo a fili: daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Tsakaninsu rana ce ke da gari, in ban da kwanakin hazo. Ni na fi son safiya, don hanya babu cunkoso, yara ba su gaji ba, kuma masu ƙwacen waya sun fi kauri bayan faɗuwar rana. Ka tuna Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce a Kano, ana hana zirga-zirga da safe, don haka kada ka sa doguwar tafiya a ranar.

Mataki na biyu: ka fara da ƙafa, daga ƙofar gidanka

Makon farko kada ka hau komai. Ka fita ka bi layin da ba ka saba bi ba, minti arba'in, ka dawo ta wata hanyar. Aikinka ɗaya: ka san sunan abin da ka gani. Wannan darbejiya ce, waccan tsamiya, ga durumi a ƙofar mai unguwa, ga ceɗiya a bakin masallaci. In ka rasa sunan itace, ka tambayi dattijon da ke zaune a ƙarƙashinsa. Zai gaya maka sunan, ya ƙara maka da wanda ya dasa shi da maganin da ake yi da saiwarsa, wataƙila har da aljanin da aka ce yana kai.

Haka tsuntsaye. Yaran yanzu kowane tsuntsu "tsuntsu" ne a wurinsu, ba su raba kurciya da hazbiya, balle cilakowa da belbela. In kana tafe da ɗanka, ku mayar da abin gasa: wa zai riga ganin kala biyar. Cikin wata biyu za ka ji yaro na gyara maka.

Kada ka raina wannan matakin. Wanda bai iya kallon unguwarsa ba, ko madatsar ruwan Tiga ka kai shi, hoto kawai zai ɗauka ya ce a tafi.

Mataki na uku: Dala

A nan zan ɗan daɗe, don shi ne wurin da kowa ya sani amma kaɗan suka hau.

Ka je da sassafe, tsakanin ƙarfe shida da rabi da takwas. Na taɓa kuskuren hawa da azahar a watan Afrilu tare da yara biyu da gorar ruwa ɗaya. Ba mu yi minti goma a sama ba ƙaramar ta fara kuka, dutse ya gasa mata ƙafa ta cikin silifas, na sauko da ita a kafaɗa ina tuhumar kaina. Lokacin da ya fi kowanne shi ne ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da ruwa ya wanke sama. A tsakiyar hunturu kuwa hazo kan rufe gari, ka hau ka sauko ba ka ga abin kirki ba.

Adaidaita zai sauke ka a bakin titi, ka ƙarasa da ƙafa ta cikin lungu. Gidaje sun manne da gindin dutsen ta kowace fuska, saboda haka cikin unguwar mutane kake, ka yi sallama ga waɗanda ke zaune, ka tambayi matakala. Akwai matakalar siminti har sama. Ka sa takalmi mai riƙe ƙafa. Mai hawan jini, mai ciwon gwiwa da mai ciki su hau a hankali, suna hutawa, babu wanda ke binsu. Yaro ƙasa da shekara bakwai ka riƙe hannunsa, musamman a saman, domin gefen ba ko'ina ke da kariya ba, kuma ƙasar tana zaizaya.

In ka kai, kada ka fara da waya. Ka tsaya ka nemi Babban Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa, daga nan idonka zai kai Gidan Rumfa. Ka juya ka nemi Goron Dutse, ɗan'uwan Dala, yana tsaye can. In ka yi sa'a za ka ga jirgi yana sauka filin Malam Aminu Kano. Abin da ya fi kama ni shi ne sautin gari daga sama: carar zakaru, karatun almajirai, daka daga wani tsakar gida, injin markaɗe, duk a haɗe. A ƙasa ba ka jin su tare.

Nan ne wurin ba yara tarihi, ba a falo ba. A gindin dutsen nan Kano ta fara, maƙera na haƙar tama suna narkawa tun kafin a yi sarauta. A nan aka ce Barbushe ya zauna yana shiga wurin gunkin Tsumburbura. Daga baya Bagauda ya zo, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. In ka nuna wa yaro da yatsa ka ce "daga nan zuwa can ne garin gaba ɗaya a da", ya fi shafi goma na littafin makaranta zama a kansa.

Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a kan cika dutsen maƙil. Abin kallo ne, amma ba ranar kai ƙananan yara ba ce, kuma ba ranar hawan farko ba.

Mataki na huɗu: cikin birni, wuri ɗaya a fita ɗaya

Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa kasuwar Kurmi da Gidan Makama da Ƙofar Mata da gidan zu a yini guda, a dawo ana faɗa da juna. Ka raba su.

Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, gini ne na zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne. Ku kalli kayan da aka ajiye, amma ku ɗaga kai ku kalli rufin: azara da bakan gizo da kaurin bango. Ka sa yaro ya dafa bangon da rana tsaka ya ji sanyinsa, sannan ka tambaye shi me ya sa ɗakinku na bulo da kwano yake zama tanderu.

A karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, mutane ne a bakin sana'arsu. Ka tsaya ka ga yadda ake tsoma zane a fito da shi yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gaban idonka. Ganyen baba ne da toka da kanwa, sai haƙuri. In kana da ɗan kuɗi ka sayi ko ƙaramin ƙyalle, ya fi ka cika su da tambaya ka tafi hannu rabbana. Daga nan kunnenka zai kai ka mabuga, inda ake buga zanen da aka rina.

Kurmi kuwa a shiga da wanda ya san ta, ko a shiga da niyyar ɓata. Layin dukawa, 'yan tasbaha da 'yan turare, masu kayan doki, masu ƙwarya da faifai. Ganuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, abin da ya rage mata kaɗan ne, gine-gine da masu ɗiban ƙasa sun ci mafi yawa. Wannan ma dalili ne na kai yara su ga sauran tun tana nan. Ku haddace ƙofofi a hanya: Nassarawa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, Ƙofar Mata.

Hawan Sallah shi ne babban abin kallon birni, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a ƙarshen 2024. Hawan Daushe washegarin Sallah, Hawan Nassarawa kashegarinsa, sai Ɗorayi ko Fanisau. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi, don haka ka saurari sanarwa kafin ka yi wa yara alkawari. In za a yi, ka je da wuri, ka nemi tudu ko bene, ka nisanci inda dawakai ke sukuwa.

Mataki na biyar: ka bi shekara yadda take tafiya

Wannan shi ne ƙashin bayan abin. Wuri ɗaya kan zama wuri huɗu in ka ziyarce shi a lokuta huɗu.

Damina. Alamarta ta farko shamuwa ce a kan itace. Sai iskar hadari, sai ƙamshin ƙasa. Daren ruwan farko ka bar yara su ga shinge, wasu su ce gina, suna kewaye fitila. Daga Yuni zuwa Satumba abin yi shi ne fita bayan gari. Ba sai kana da gona ba. Kowane Bakano yana da ɗan'uwa ko abokin aiki mai gona a wajen Gezawa, Dawakin Tofa, Kumbotso ko Madobi. Ka ce masa ranar da zai je ya tafi da kai.

In ka shiga gonakin mutane akwai ladabi. Ka bi kan iyaka ko turba, kada ka ratsa kunya. In ka tarar da mai gona, ka fara da "Sannu da aiki, Baba. Yaya ruwa?" Zai ce, "Ruwa ya yi gyara." Daga nan hira ta buɗe. Kada ka karya masara ko ka tuge gyaɗa ba a ba ka ba, ko da ɗaya ce. Sau tari in ka yi gaisuwar kirki, da kansa zai cika maka leda, kai kuma ka san abin da za ka saka masa da shi, ko goro ko sabulu ko ɗan abin shan ruwa.

Ka nemi gawo ka nuna wa yara. Duk itatuwa sun yi kore shar, shi kaɗai ya kaɗe ganye ya tsaya tsirara, sai rani ya yi sannan ya yi ganye. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi.

Abin baki a damina ba ya ƙirguwa. Gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, kwaɗon tafasa ko rama ko zogale da ƙuli-ƙuli mai yaji, ɗanyar kuɓewa, yalo. Kaɗanya tana fitowa da farko-farko, ɗinya da tsada su biyo baya. In gero ya nuna, ka roƙi a gasa maka tumu. Wanda bai taɓa murza tumu mai zafi a tafin hannu ya hure ƙaiƙayin ya watsa a baki ba, akwai sauran abin da bai sani ba game da gero.

Hattara uku. In hadari ya haɗo kana fili, kada ka fake a gindin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai, tsawa ta fi faɗa wa irinsa. Kududdufi, komai ƙanƙantarsa a ido, ba wurin wasan yara ba ne, kusan kowace damina sai an yi rashi a cikinsu. Sai sauro: a marka, wato wajen Agusta, zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Ku dawo gida kafin duhu, ku kwana a gidan sauro, kuma in masu rabon maganin rigakafi na wata-wata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe musu.

Kaka. Daga Oktoba zuwa Nuwamba. A wurina babu lokacin da ya kai shi daɗin ƙauye. Dammunan dawa a jingine, ana roron wake, ana sussuka, amalanke na kai da kawo, kowa fuskarsa a sake. Yanzu ne lokacin cin kasuwar ƙauye: Wudil ranar Juma'a, in kana son ganin shanu iya ganinka, Dambatta ranar Lahadi. Ka je da safe, ka sha fura da nono a ƙwarya, ka sayo dankali da kabewa da sabon wake a farashin da ba za ka samu a gari ba. Dambe ma asalinsa wasan kaka ne, mahauta na bin garuruwa bayan an kawar da amfani. Yanzu ana yinsa kusan duk shekara a gidajen dambe, amma na filin ƙauye da kalangu da ƙura yana da nasa armashi. Ka sa dogon wando mai kauri da takalmi rufaffe, don ƙarangiya ta bushe tana jiran ƙafa, macizai kuma na fakewa a ƙarƙashin tarin kara. Kada yaro ya zura hannu a dami ko rami.

Hunturu. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. "Yaya sanyi?" "Lokacinsa ne." A wannan lokaci doka ta juye: ba a fita da asuba, sai rana ta ɗaga a fito shan hantsi. Yanzu ne za ka iya doguwar tafiyar ƙafa ba gumi. Ka bi titin Zariya zuwa wajen Kura da Kadawa ka ga abin mamaki: ko'ina ya bushe ƙayau, amma filayen noman rani kore shar da alkama da albasa da tumatir, ruwan Tiga na bin magudanai. A Kwanar Gafan za ka ga kwandunan tumatir jere ana loda wa manyan motoci zuwa Kudu. Karas, latas, kabeji da lansir duk sun yi araha, ko a 'Yankaba ka tsaya.

Kayan marmarin daji ma nasu lokacin ke nan: magarya, kurna, kanya, aduwa, goruba, ga muruci, ga rake, ga soyayyiyar fara da yaji. Ka sayi kowanne kaɗan ka kai gida, ka sa yara su ɗanɗana su faɗi sunansa. Za ka sha dariya ranar da suka fara tsotsar aduwa.

Kafin fita a shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da dunduniya saboda faso. Mai asma ya sa takunkumi in hazo ya yi kauri, ko ya haƙura da fitar. Da daddare a hura wuta a tsakar gida, a gasa dankali a toka, a yi "ga ta nan ga ta nanku". Amma kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutum cikin barci. A kashe wuta tas kafin a watse, gobarar hunturu ba ta da wasa.

Bazara. Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. A nan ba na ba kowa shawarar yawo. Daɗin bazara a inuwa yake: tabarma a gindin darbejiya, ruwan randa, lamurje ko kunun aya mai sanyi, kankana, ɗorawa, da mangwaro har sai ka ƙoshi. Ka je 'Yan Lemo ka sayo da yawa, ka zuba a bokitin ruwa, ku zauna ku sha ba ƙyashi. Fita sai bayan la'asar. Dare kuwa na tsakar gida ne, zan dawo kansa.

Azumi da Sallah ba sa bin wannan lissafi, kowace shekara suna matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya. In azumi ya faɗo a zafi, ka ajiye duk wani yawo, ka wadatu da tashen yara daga goma ga wata.

Mataki na shida: tafiyar bakin ruwa

Sau ɗaya ko biyu a shekara ka haɗa tafiyar yini guda. Gwamna Audu Baƙo ya bar wa Kano madatsun ruwa da dama. Mafi girma Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce ta titin Zariya. Akwai Bagauda a kan hanyar, akwai Challawa a Ƙaraye da aka kammala daga baya, akwai Watari a Bagwai, akwai Thomas a wajen Dambatta. Wanda ba ya son nisa, bakin kogin Wudil ya ishe shi.

Ƙa'idata ta farko: ka je kai kaɗai ko da aboki kafin ka kwashi iyali. Na koyi wannan da tsada. Na taɓa cika mota da yara da maƙwabta zuwa wani wurin shaƙatawa da na ji ana yabo. Muka biya kuɗin ƙofa, muka shiga, lilo duk a karye, banɗaki ba ruwa, ciyawa har gwiwa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, nan ne wurin?" Na rasa bakin magana. A ƙarshe a gindin wata tsamiya a bakin hanya muka shimfiɗa tabarma muka ci dambunmu, kuma yaran har yau tsamiyar suke tunawa. Wurare irin waɗannan yau a gyara, gobe a yi watsi da su, labarin bara ba ya aiki bana.

Haka batun tsaro. Kafin ka nufi kowane daji ko wurin da ba jama'a, irin su Falgore, ka tambayi direbobin tasha da mutanen yankin halin da ake ciki a makon nan. In suka yi jim kafin su amsa, ka fasa. Ka gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin dawowa, ka kamo hanya tun la'asar.

A bakin ruwa ka fara neman masunta. Ka gaishe su, ka tambayi inda ke da zurfi da inda ke da laka, sun fi kowane allo sani. In kwalekwale ya iso da kamu, ka sayi karfasa ko tarwaɗa a nan take, akwai mata masu suya a kusa. Ka yi ciniki, amma kada ka matse mutumin da ya kwana a kan ruwa.

Shiga kwalekwale kuwa, sharaɗi biyu: rigar kariya daga nutsewa ga kowa, kuma kada a yi lodi fiye da kima. In ka ga an cika shi, ka jira na gaba ko ka haƙura. Mutanen Kano ba su manta da hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamba 2021 ba, inda jirgin ruwa ya kife da fasinjoji, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Wanka ma ban yarda da shi ba a ruwan dam da magudanan noman rani, ko ga wanda ya iya iyo. Ruwan kwance mai dodon koɗi shi ke ɗauke da tsargiya, tsutsar na shiga ta fata ba tare da an ji ba, sai bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. In hakan ta faru a je asibiti, tana da magani.

Mataki na bakwai: guzuri

Ba shi da yawa. Tabarma ko darduma, buta, ruwan sha fiye da yadda kake zato, hula ko malafa, ɗan man zafi da filasta, leda babba ta zuba shara. Kuɗi a hannu, canji ƙanana, don a ƙauye sabis kan ɗauke, tiransifa ta maƙale kana tsaye mai kifi na kallonka. Abinci daga gida ya fi araha ya fi kwanciyar hankali: dambu, ɗanwake, gurasa bandashe, dafaffen ƙwai, zoɓo a gora da aka daskarar tun dare. Ku haɗa kuɗin mai da wani gidan, mota ɗaya iyali biyu.

Ledar sharar nan kada a raina ta. Duk inda muka zauna muka tashi sai ka ga ledar fiya wata da robar lemo, akuya ta ci ta kumbura, magudana ta toshe. Ka sa yara su tsince wurin kafin a tashi, har da wadda ba ku kuka zubar ba.

Sannan a tafi da mata. Sau da yawa maigida ya kwashi 'yan maza ya fita, uwargida da 'yan mata na gida suna girkin da za a dawo a ci. A dafa tun dare, a rufe gida, a fita gaba ɗaya. Kaka ma in tana da ƙarfi a sa ta a gaban mota, ita ce za ta gaya muku sunan kowane ganye a bakin hanya da yadda ake miyarsa.

Mataki na takwas: daren tsakar gida

Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma ranar da aka ɗauke wuta ya fi kyau. A bazara, ko farkon hunturu kafin hazo ya sauko, ku share tsakar gida, ku yayyafa ruwa ƙasa ta huce, ku shimfiɗa tabarma. A haska fitila a duba gindin bango da ƙarƙashin tabarma saboda kunama, zafi ne lokacinta. A ɗaura gidan sauro in za a kwana. Gara kwanan waje a bazara da cunkushewa a ɗaki mai zafi, don lokacin sanƙarau ne. A tara wayoyi a kwano ɗaya a kai ɗaki.

Ku kwanta rigingine ku ba ido minti goma ya saba da duhu. A watannin sanyi ku nemi Kaza da 'Ya'yanta, 'yan taurarin nan da ke cure wuri guda, ku ga wa zai ƙirga fiye da shida. In akwai wata tauraruwa mai haske sosai a yamma bayan magariba, yawanci Zara ce, matar wata. Wanda ya farka kafin kiran assalatu ya duba gabas ko Gamzaki ya fito. In ya gan shi, ya tashi sauran a hankali, a ɗora ruwan koko.